Matajin Wuta da Ruwan Toka: Waiwaye Kan Tarihin Miƙe Gashi

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san ƙamshin jajibirin salla: turaren wuta, soye-soye, da lallen da aka kwaɓa tun da hantsi. A ƙuruciyarmu akwai wani wari da yakan biyo bayansu daga tsakar gida, wato ƙaurin gashi. Yarinya tana zaune a kan tabarma, ta lanƙwasa kunnenta da yatsa ta riƙe, yayarta kuwa tana ɗauko matajin ƙarfe daga kan garwashi, ta goga shi a tsumma, ta ratsa shi cikin gashin da aka jiƙe da mai. Hayaƙi ya tashi, yarinya ta runtse ido, ba halin motsi. Ni ma na zauna a kan wannan tabarmar, har yanzu kuma akwai ɗan tabo a bayan kunnena na dama. Ƙaurin nan ɗaya ne da wanda ake ji ranar layya in ana babbakar kan rago, domin akwai farar wuta a cikin gashin mutum da na dabba, ita ce hanci yake ji idan wuta ta taɓa shi.

Daga baya matajin ya ja da baya, farin man nan na cikin roba ya karɓi wurinsa, wanda ake kira defirizan a nan gida, rilaksa kuma a ƙetaren iyaka. Yanzu an ƙara da ƙarfen lantarki mai baki biyu da na'urar busar da kai. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga ɗalibai mata da yawa, ƴan shekara 13 ko 14, waɗanda gaban goshinsu ya riga ya tafi, ƙeyarsu kuma ta zama guntu-guntu kamar ɓera ya ci. Kowace a cikinsu tambayarta ɗaya: wane mai ne zai gyara?

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Wanda ya waiwayi shekaru 150 da suka wuce zai ga cewa wannan tambaya ta girmi iyayen yaran nan da kakanninsu. Kowace sabuwar dabarar miƙe gashi an kawo ta kasuwa da sunan maganin ɓarnar da ta gabace ta, ba a kuma daɗe ba sai tata ɓarnar ta bayyana, saboda abin da yake miƙar da silin gashi shi ne dai yake raunana shi.

Silin gashi da ƙullinsa

Kafin a shiga tarihi ya kamata mai karatu ya san abin da ake sa wa wutar. Kan mutum yana ɗauke da sili wajen dubu 100, kaurin kowanne galibi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Da za a duba shi da madubin likita, za a ga ɓawo a waje da jiki a ciki. Ɓawon hawa-hawa ne, kamar yadda ake jera bunu a jinka, kowane layi ya hau kan na gabansa, bakinsu yana kallon ƙarshen gashi. Idan sun kwanta lafiya gashi yakan yi sheƙi, danshin da ke ciki ba ya saurin fita. A ƙarƙashinsu ne jikin gashin yake, kamar igiyar rama da aka tufka: zare-zare ne na wani sinadari mai suna keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙaho da kofato.

Ƙulli iri biyu ne ke riƙe da waɗannan zaruruwa. Na farko sako-sako ne, ruwa yana kwance shi, bushewa ta sake ɗaure shi. Shi ya sa in an tsefe kitso gashi yake fitowa da lanƙwasar kitson, da an wanke kuma ta ɓace. Na biyu ƙullin farar wuta ne, mai tauri, ruwa ba ya yi masa komai. Shi ke ba gashi ƙwari, shi ke tsare masa siffarsa. Silin baƙar fata kuwa ba zagayayye ba ne sosai, ya fi kama da ƙwai in an yanka shi, yana kuma murɗewa a tsawonsa. Kowace murɗa wuri ne mai rauni, kuma maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya gangarawa cikin sauƙi har ƙarshe. Gashinmu a ido ya fi na kowa ƙarfi, amma ya fi na kowa saurin bushewa da karyewa.

Sauran abu ɗaya, wanda shi ne tushen maganar. Silin da ya fito daga fata ba shi da rai. Babu jini a cikinsa, babu jijiya. Fata in ta ƙone takan warke, gashi kuwa ba ya warkewa. Tushensa kaɗai ke da rai, yana turo sabo da kimanin santimita ɗaya a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka. Gashin da ya kai taƙi ɗaya ya kusa shekara biyu a duniya, ƙarshensa kuma yana ɗauke da lissafin duk wutar da aka taɓa sa masa a cikin waɗannan shekaru.

Ƙarfe a kan wuta

Miƙe gashi a matsayin sana'a da kasuwa a Amurka ya yi tashe, a cikin zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka. Masu fataucin bayi sukan aske kan wanda suka saya, da haka suke raba shi da alamar danginsa da matsayinsa. A gonakin auduga da rake babu matajin gida, babu man kaɗe, babu lokacin kitso. Wasu marubuta biyu, Ayana Byrd da Lori Tharps, sun tattara labarin a littafin da suka buga a 2001: an yi taza da ƙarfen sharce ulun tumaki, an shafa man shanu da kitse, an gasa wuƙar cin abinci an goge gashi da ita. A nan ne harshe ya raba gashi gida biyu, “mai kyau” shi ne wanda ya kusanci na ubangida, “mummuna” kuma wanda ya tsaya a yadda Allah ya yi shi. A 1786 gwamnan Luwiziyana, Esteban Miró, ya yi doka cewa mata masu jinin baƙar fata su riƙa rufe gashinsu da ɗankwali a bainar jama'a. Bayan an soke bauta a 1865, macen da take neman aiki a gari ta san cewa za a dubi kanta kafin a dubi hannunta.

Ƙarfen kansa daga Faransa ya fito. A 1872 wani mai gyaran gashi a Pari, Marcel Grateau, ya shahara da ƙarfen da ake gasawa a lanƙwasa gashin matan Turawa da shi. Kafin ƙarnin ya ƙare ana sayar da matajin ƙarfe a kantunan Amurka. Mata biyu baƙaƙen fata, dukansu ƴaƴan waɗanda suka yi bauta, su ne suka mayar da gyaran gashi babbar sana'a. Annie Malone ta kafa kasuwancinta na Poro a San Luwi, inda ta koma a 1902. Sarah Breedlove, wadda aka haifa a 1867, mai wankau ce, gashinta ya zube, ta yi wa Malone tallan kaya na ɗan lokaci, sa'an nan ta buɗe nata da sunan Madam C. J. Walker, ta gina masana'anta a Indiyanapolis a 1910.

Ana yawan cewa Madam Walker ce ta ƙirƙiro matajin wuta. Ba haka ba ne, ta tarar da shi. Ita kanta takan ce aikinta kula da fatar kai ne da tsirar da gashi, kuma man nata, mai farar wuta a ciki, ya taimaki matan da amosani da rashin ruwan wanka suka addaba. Kafin rasuwarta a 1919 dubban mata da ba su da wata hanya sai wanki da aikatau sun samu sana'a ta hannunta. Adalci ne a faɗi wannan. Amma tsarin da wakilanta suka yaɗa gida-gida ya haɗa da wanki, da shafa mai, da matajin wuta, ta haka ƙarfen ya shiga ɗakin girkin kusan kowane gidan baƙar fata.

Me wuta take yi? Tana korar ruwan da ke cikin sili, ta kwance ƙullin nan mai sako-sako, a ja gashin a miƙe, ya huce a haka. Tun da ba a taɓa ƙullin farar wuta ba, gumi ko yayyafi ya isa ya mayar da gashi gidan jiya, sai a sake gasa mataji bayan mako ɗaya ko biyu. Kowane zuwa ɓawon yana tsagewa, yana ɓantarewa, har jikin ya fito fili. Inda ya fito, zaruruwan sukan barbaje, su yi kamar tsintsiya biyu da aka cusa wa juna baki. A ido ɗan farin ɗigo ne a jikin sili, a nan kuma yake karyewa. In gashin da sauran laima, ruwan da ke ciki yana tafasa tun a digiri 100, tururi ya huda kumfa a cikin silin, abin da likitoci suka bayyana a 1986. Ƙarfen lantarki na zamani yana kai digiri 230, a daidai nan kuwa keratin kansa yake lalacewa. Na garwashi ba shi da ma'auni ko kaɗan, kuma kowane maƙeri ya san ƙarfe ba ya fara ja sai ya haura digiri 500, wato yana iya kai 300 ko 400 yana nan baƙi ƙirin kamar ba komai.

A 1968 wasu likitocin fata uku a Amurka, LoPresti da Papa da Kligman, suka bayyana wani irin sanƙo da ke farawa a tsakiyar kan mata yana faɗaɗa, suka ɗora laifin a kan narkakken mai mai zafi da ke gangarawa cikin ramin gashi, suka kira shi sanƙon matajin wuta. Daga baya an sauya sunan, domin an same shi ga matan da ba su taɓa sa mataji a wuta ba, an kuma gano cewa akwai hannun gado a ciki. Duk da haka, daga wannan lokaci ne likitanci ya fara ɗaukar kan macen baƙar fata a matsayin abin bincike.

Darasin majemi

Tun ana cikin zamanin mataji aka fara neman abin da gumi ba zai warware ba. Garrett Morgan, baƙar fata mai gyaran keken ɗinki a jahar Ohayo, yana neman ruwan da zai hana allura ƙona yadi, sai ya lura ruwan yana kwantar da gashin tsumman ulu. An ce ya gwada a jikin karen maƙwabcinsa kafin ya gwada a kansa. A 1913 ya kafa kamfanin sayar da man. Maza ne suka fara rungumar wannan hanya, musamman mawaƙa da samarin birni, da yawa kuma a gida suke haɗawa: soda irin ta yin sabulu, da dankalin Turawa, da ƙwai. Malcolm X, wanda ya yi aikin hajji a 1964 ya zama Alhaji Malik, ya ba da labarin ranar da aka fara shafa masa wannan haɗi yana matashi a Boston, a tarihin rayuwarsa da ya fito a 1965. Ya kwatanta raɗaɗin da cin wuta, ya kuma lissafa ranar a matsayin babban matakinsa na farko wajen wulaƙanta kansa.

George Johnson, wanda ya kafa kamfaninsa a Shikago a 1954, shi ne ya daidaita haɗin ya zama man da mai gyaran gashi zai iya aiki da shi. Ya fara da na maza, a 1957 ya fito da Ultra Sheen domin mata. Alƙawarin a fili yake: an huta da wuta, an huta da tabon kunne, ruwan sama ba ya ɓata kwalliya. Kasuwa ta karɓa ƙwarai, har a 1971 kamfanin ya zama na farko mallakar baƙar fata da aka sa a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hannun jari na Amurka.

Wanda yake son ya gane aikin wannan mai, ya je unguwar majema a Maraɗi ko a Damagaram. Kafin fatar jar akuya ta shiga ruwan bagaruwa, sai an raba ta da gashinta, majemi kuwa ba ya aske ta da aska. Cikin ruwan toka yake jiƙa ta, ya bar ta, har gashin ya saki, ya kankare shi ba wahala. Masana suna da ma'auni daga 0 zuwa 14, wanda suke kira pH: ruwa tsantsa yana kan 7, abin da ke ƙasa ɓangaren tsami ne, abin da ke sama ɓangaren kanwa da toka ne, kowane mataki kuma ninki goma ne na wanda yake bi. Gashi da fatar kai suna zaune lafiya a wajen 5. Man soda yana tsakanin 12 da 14. Shi da ruwan majemi ƴan gida ɗaya ne, soda ce ma babbar yaya. Abin da ya raba mai gyaran gashi da majemi shi ne agogo: ita tana wankewa bayan minti 15 ko 20, shi kuwa yana bari aiki ya kai ƙarshe.

A cikin waɗannan mintoci silin yana kumbura, ɓawon ya buɗe, soda ta shiga ta tsinka ƙullin farar wuta. Kimanin kashi ɗaya cikin uku yana rikiɗa ya koma wani ƙulli dabam, mai ƙwayar farar wuta ɗaya maimakon biyu, wanda ba ya komawa yadda yake har abada. Shi ya sa gashin ba ya sake murɗewa, shi ya sa kuma ba ya sake yin ƙwari irin na da. A 2010 wata likitar fata ta Jami'ar Kap a Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta suka auna sinadarin da ke ɗauke da wannan ƙulli a gashin da aka sa wa mai, suka tarar ya ragu zuwa irin matakin da ake gani ga masu wata cutar gado mai sa gashi ya riƙa karyewa da kansa. Ga kuma tarkon da ke biye: tushe yana turo sabon gashi mai murɗa, bayan mako shida ko takwas sai a koma a “taɓa” shi. Da wuya man ya tsaya a kan sabon kaɗai. Yana zarcewa kan wanda ya riga ya sha, sau biyu, sau uku. Mahaɗar sabo da tsoho nan ce mataji yake tsinkawa.

Kowane magani da nasa ciwo

A shekarun 1960 guguwar neman ƴanci ta ɗan dakatar da kasuwar. Samari da ƴan mata a Amurka suka saki gashinsu ya tashi yadda yake, Angela Davis ta zama alamar wannan zamani, Miriam Makeba kuma ta hau dandalin duniya da gajeren gashinta na halitta. Guguwar ta lafa a ƙarshen shekarun 1970, amma ƙorafin ƙuna bai lafa ba. A 1975 hukumar kasuwanci ta Amurka ta tilasta wa kamfanin Johnson ya rubuta gargaɗi a jikin kayansa. Sai aka fito da sabon mai da aka rubuta wa “babu soda”, wanda ake haɗa ruwa da mai kafin a shafa. Gaskiya ne ya fi sauƙin raɗaɗi a fata, shi ya sa aka sa shi a kwali aka ce kowa ya yi a gida, aka kuma yi na yara da hoton yarinya tana murmushi. Sai dai yana barin gishirin alli a jikin sili, gashi ya bushe ya yi kaushi. A 2019 masu bincike a Afirka ta Kudu suka auna iri 121 na man miƙe gashi da ke kasuwarsu, mai soda da marar soda da na yara, suka tarar dukansu sun kai matakin da ake lissafawa a cikin abubuwa masu cin fata.

Da mutane suka fara tsoron ɓangaren toka, sai ƴan kasuwa suka koma ɓangaren tsami. A 1994 aka yi ta tallan wani mai daga Birazil mai suna Rio a talabijin ɗin Amurka, ana cewa babu sinadari a cikinsa. Mutane fiye da 3000 suka kai ƙara ga hukumar abinci da magunguna, wasu gashi ya zube, wasu ya koma kore, a 1995 aka hana sayar da shi. A shekarun 2000 kuma aka zo da gyaran da ake kira na Birazil, ana cewa keratin ake mayar wa gashi. Abin da yake aikin a zahiri formol ne, ruwan da ake adana gawa da shi, a shafa shi a bi da ƙarfe mai digiri 230, mai gyara da wadda ake yi wa suna shaƙar tururin. Hukumar binciken kansa ta duniya kuwa ta sa formol a jerin masu haddasa kansa tun 2004. Faransa ta janye wasu daga kasuwa a 2010. Aka maye gurbinsa da wani tsami mai suna giliyoksilik, aka rubuta “babu formol”. A Oktoba 2024 hukumar kiwon lafiya ta Faransa mai suna Anses ta yi gargaɗi a kansa, bayan an samu matan da ƙodarsu ta tsaya jim kaɗan bayan gyaran kai.

Akwai wani bincike da ya kamata a ambata da taka-tsantsan. A 2022 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta buga sakamakon bin mata fiye da dubu 33 na kusan shekara 11. An ƙiyasta cewa a cikin waɗanda ba su taɓa amfani da man miƙe gashi ba, 1,64 cikin 100 za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, a cikin masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara kuwa 4,05 cikin 100. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su tabbatar da sanadi ba. Amma fatar kan da ta ƙone ƙofa ce a buɗe, wannan kam ba a musu a kai. A wannan tsakani kamfanonin da baƙaƙen fata suka gina sun sauya hannu: L'Oréal ta Faransa ta sayi Soft Sheen a 1998, ta sayi Carson mai Dark and Lovely a 2000. Sa'ad da matan Amurka da yawa suka fara juya wa man baya, idon masu kaya ya ƙara karkata ga kasuwannin Afirka.

Mu a gida

Ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba mu ce kakanninmu ba su san wahalar kwalliya ba. Doka, zane, shuku da kalaba duk zama ne na sa'o'i tsakanin gwiwoyin makitsiya, kuma kitson da aka ja da ƙarfi yana cinye gaban goshi tun kafin a san soda. Amma kayan aikinsu, man shanu, man kaɗe, karkashi, lalle da shuni, babu wanda yake tsinka ƙullin cikin sili. Kitso ajiya ne: a tattara gashi mai saurin bushewa a ɗaure shi, a hutar da shi daga taza na mako biyu ko uku.

Dalilinmu ma ya sha bamban da na matan Amurka. Mafi yawanmu kanmu a rufe yake da kallabi ko hijabi, babu mai ɗaukar aiki da yake dubawa. In ka tambayi uwa dalilin da ya sa ta shafa wa ƴarta mai, ba za ta ce maka tana son ta yi kama da Baturiya ba. Cewa za ta yi gashin yarinyar tauri gare shi, kullum tsifa da kuka, ga makaranta da sassafe. Macen da take wanke kanta a kai a kai saboda ibada kuma ta san aikin matajin wuta ba ya kwana biyu, shi ya sa mai ya fi mata. Waɗannan dalilai ne na gaske, wanda ya raina su ba zai samu mai sauraronsa ba. Amma mu lura da kalmar da muka ara ba mu sani ba: mu ma yanzu “mai kyau” muke ce wa gashi mai santsi, yarinya kuma tana ji.

Abin da ya sa ɓarnar ta fi tsanani a wurinmu shi ne tarawa. A shafa mai yau, a busar da iska mai zafi, a goge da ƙarfe, gobe a yi ƙananan kitso a ɗaura mesh mai nauyi a kan silin da ya riga ya rasa ƙwarinsa, sa'an nan hunturu ya zo ya kwashe sauran danshin. Likita Khumalo ta duba kawunan ɗalibai da manya a wata unguwar baƙaƙen fata ta birnin Kap, ta buga sakamakon a 2007: 17 cikin 100 na ƴan mata ƴan makaranta suna da zubewar gefen goshi, a cikin manyan mata kuwa kusan 32 cikin 100, kuma haɗarin ya fi yawa inda aka ja kitso a kan gashin da aka sa wa mai. Garin neman gira ke nan.

Amsar tambayar ɗalibaina ba mai daɗi ba ce, amma gara su ji ta daga bakinmu. Babu man da yake ɗinke silin da ya tsage. Mai yana lulluɓe shi ne, ya rage gogayya, zuwa wanki na gaba. Abin da ya lalace almakashi ne maganinsa, abin da za a ceta shi ne wanda bai fito ba tukuna. Wadda ta zaɓi ta ci gaba da mai, haƙƙinta ne, sai dai ta tsawaita tsakani, ta tsaya a kan sabon tsiro, ta san cewa raɗaɗi alamar ƙuna ce ba alamar “ya kama” ba, kada ta sa ƙarfe a jiƙaƙƙen gashi, kada kuma ta yi kitso mai tsauri a makon da ta shafa. Yarinya ƙarama kuwa ba ta zaɓi komai ba. Taza da ruwa da ɗan mai, daga ƙarshe zuwa tushe, da mataji mai faɗin haƙora, tana rage kukan da ya sa aka nemi soda tun farko.

Ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu akwai aikin da ba ya bukatar kuɗi. A 1968 wani mai ɗaukar hoto a Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar kitson matan ƙasarsa, ya tara hotuna wajen dubu, yau ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. Namu na Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar da Damagaram yana kan tsofaffin makitsa, sunayensa da lokutan da ake yin kowanne, na amarya, na mai jego, na budurwa. A hutun da ke tafe kowane ɗalibi, mace da namiji, ya zauna da kakarsa ya rubuto sunan kitso biyar da Hausa, da yadda ake yinsu, da abin da ake shafawa. A kawo aji a karanta, malamin kimiyya kuma ya zana silin gashi a allo ya nuna inda ƙullin yake. Yarinyar da ta san sunan kitson kakarta, ta kuma san abin da majemi yake yi da ruwan toka, in ta girma ta ɗauki robar mai a kanti, za ta juya ta ta karanta bayanta kafin ta biya.